Corolla da ta rasa sulo bayan an sauya mata bututun iska: nazarin wani aiki a Suame Magazine

Motar da wannan nazari ya shafa Toyota Corolla ce ƙirar 2010, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana daga Amurka, mai injin 2ZR-FE na lita 1.8 da giya mai canja kanta. Wani Alhaji mai fataucin goro a unguwar Aboabo ta Kumasi ne ya saye ta, ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa, wanda yake ɗaukar fasinja da ita ta manhajar waya tsakanin Adum, Tech Junction da filin jirgin sama, yana kai wa kawun nasa abin da suka yanke duk ƙarshen mako. Ta iso shagona da ke Suame Magazine, unguwar makanikai ta garin, a tsakiyar watan Janairu, lokacin da ƙurar hunturu ta lulluɓe Kumasi har mutum yakan iya rubuta sunansa da yatsa a gilashin motar da aka wanke da safe.

Kukan direban shi ne motar ta rasa sulo, wato injin ba ya natsuwa idan yana aiki ba a taka totur ba. Idan ya tsaya a danja, giya tana kan D, ƙafarsa tana kan birki, sai sitiyari ya riƙa karkarwa, allurar juyin inji tana sauka tana hawa kamar mai numfashi da ƙyar, kuma abin yakan tsananta da zarar ya kunna esi. Sau biyu ta mutu masa a cunkoson Kejetia da fasinja a ciki. Idan kuma ya taka totur zai wuce wata mota, sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka. Wutar cek, wato fitilar da ke gargaɗin cewa inji yana da matsala, ta kama ta ƙi mutuwa, mai kuma, in ji shi, ya fara tafiya fiye da da.

Kafin ta zo wurina ta shiga hannun makanikai biyu cikin mako uku. Na farko ya ce misin take yi, wato wuta ba ta kamawa daidai a wata silinda, ya sauya fulogi huɗu da koyil ɗaya. Na biyu ya ɗora laifin a kan mai, aka juye tanki, aka wanke nozul, aka sa sabon famfon mai, da abin ya ƙi sai ya ce saura kwantirol bod, wato kwamfutar da ke tafiyar da injin. Jin farashin kwantirol bod ne ya sa Alhaji ya ce a dakata, a kai ta inda za a sa mata kwamfuta a karanta tukuna. Ban ga laifin mutanen nan biyu ba ta fuskar gaskiya da riƙon amana, domin kowace alama da motar ta nuna tana iya fitowa daga abin da suka taɓa. Abin da ya kuɓuce musu tambaya ce guda ɗaya, kuma amsarta tana nan a fili da zarar an ɗaga bonet.

A wurin da ya kamata a ga baƙin akwatin roba na eyakilina, wanda ke tace iskar da injin ke sha, sai ga bututun alminiyom mai sheƙi, gajere, da jan matacin iska mai siffar mazurari a bakinsa, a buɗe cikin ɗakin inji kusa da batir. Na tambayi direban yaushe aka sa wannan. Ya ce, "Masta, wannan ai ba shi da laifi, tun kafin matsalar ta fara aka sa shi." Na ce, "Ƙanena, da kwana nawa?" Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce kwana biyu ko uku. A wani bidiyo ya ga abin, ya ji ƙugin da mota take yi da shi, aka kuma ce yana ƙara ƙarfi yana rage shan mai, sai ya saya a hannun wani mai kayan kwalliyar mota wanda ya ɗaura masa nan take. Bai gaya wa kawunsa ba, bai gaya wa makanikan farko ba, su kuma sun gan shi ba su tambaya ba. An bar jaki ana dukan taiki har mako uku.

Ratar kwana biyun nan da ta ruɗe shi tana da dalili. Mai ɗaurawar ya cire kan batir yayin aikin, kwamfutar motar ta manta abin da ta haddace, ta fara koyo daga farko. Irin laifin da ta samu daga baya kuwa, ba ta kunna wutar cek a kansa sai ta gan shi a tafiya biyu a jere. Saboda haka ranar da aka sa bututun direban ƙugi kawai ya ji, ƙugin kuma ya rufe masa ƙaramar rawar da injin ya riga ya fara.

Yadda injin yake ƙirga iska

Ba za a fahimci sauran bayanin ba sai an san abu ɗaya game da wannan injin: kwamfutarsa ba ta ganin iska, labarinta ake ba ta. Man fetur yana ƙonewa daidai ne idan aka haɗa giram 1 nasa da wajen giram 14.7 na iska, don haka kafin kwamfutar ta umarci nozul ya fesa mai, sai ta san nauyin iskar da ta shiga. Mai ba ta wannan labari wata 'yar na'ura ce da ke soke a wuyan akwatin eyakilina, wadda makanikai ke kira eyafulo, allon kwamfutar gwaji kuma yake rubuta ta da MAF. A cikinta akwai siririyar waya da wutar lantarki ke ɗumamawa. Iska mai wucewa tana sanyaya ta, yawan wutar da ake bukata don riƙe zafinta shi ne ma'aunin iskar. Sai dai wayar ba ta taɓa dukan iskar da ke cikin bututun, ɗan samfuri kawai take ɗanɗanawa, kwamfutar kuma ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da kamfani ya ƙera motar da shi. Kamar mai sayen goro ne da ya ɗebi ɗan kaɗan daga bakin huhu ya yanke hukunci a kan duka: muddin huhun irin wanda ya sani ne, lissafinsa zai fita, amma idan aka sauya masa girman huhun ba a gaya masa ba, dole ya yi kuskure komai ƙwarewarsa.

A ɗaya gefen, a bakin salansa kafin katalis mai tace hayaƙi, akwai wata na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar ko man da aka fesa ya isa ko ya gaza. Idan ya gaza sai kwamfutar ta ƙara, ta kuma rubuta yawan ƙarin da ta yi. Ƙarin iri biyu ne: na nan take, wanda allo ke nunawa da STFT, da wanda ta haddace saboda ta ga kullum ana bukatarsa, wato LTFT. A lafiyayyen inji jimillar biyun ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba, ana iya haƙuri da ita har zuwa 10. Waɗannan lambobi biyu su ne shaidun da na dogara da su a dukan aikin nan, domin su ne kawai wurin da injin yake faɗin bambancin da ke tsakanin iskar da aka ce ta shiga da wadda ta shiga da gaske.

Abin da allo ya nuna

Na jona kwamfutar gwaji a soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tun daga 1996 take da shi. Lambar laifi ta farko P0171 ce, ma'anarta iska ta yi wa mai yawa, ta biyu kuma P0300, wato misin da ba a tsayar a kan silinda ɗaya ba. Bayanin da kwamfutar motar ta ajiye na lokacin da laifin ya faru ya nuna inji da zafi, mota a tsaye, juyi ƙasa da 700 a minti. Ban goge komai ba tukuna, domin goge lambobi kafin a karanta su kamar share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso.

Da injin ya yi zafi, a sulo, ba esi, LTFT tana kan kashi 25, STFT tana yawo tsakanin 8 da 12. Jimillar ta kai wajen 35, wanda shi ne kusan iyakar da motocin Toyota na zamanin wannan motar suke jurewa kafin su kai ƙara. Eyafulo yana nuna giram 1.5 a sakan, alhali injin lita 1.8 mai zafi yakan nuna wajen giram 2 ko sama kaɗan. Na sa yaron shagona ya riƙe totur a kan juyi 2,500, sai jimillar ta sauko zuwa 21 ta tsaya.

A nan ne nazarin ya ɗauki hanya. Idan iska tana satar shiga ta wata kafa bayan eyafulo, illarta ta fi girma a sulo, saboda a lokacin ƙofar totur kusan a rufe take, iskar halal kaɗan ce, don haka 'yar ɓarauniyar iska takan zama babban kaso. Da an ɗaga juyi sai ta nitse cikin iska mai yawa, lambar ta faɗo kusa da sifili. Idan kuwa mai ne ba ya isa, ko eyafulo ne yake rage lissafi, lambar takan hau ne yayin da juyi ya hau. Motar nan ta sauko daga 35, alamar akwai kafa, amma ta ƙi wuce 21, alamar kafar ba ita kaɗai ba ce. Don in cire mai daga zargi na auna ƙarfin famfo, ya zauna a tsakanin psi 44 da 50 da littafin gyaran motar ya tanada, a sulo da kuma lokacin da aka taka totur. Tsohon famfon da aka cire, wanda direban ya taho da shi a but cikin leda, da alama lafiyarsa ƙalau.

Kafar farko ba ta ɓuya ba. Daga murfin saman inji akwai tiyo da ke zuwa ya shiga bututun iska na asali tsakanin eyafulo da totur. Ta nan injin yake shaƙar iska mai tsabta zuwa cikinsa, bawul ɗin PCV kuma ya zuƙe ta tare da tururin baƙin mai ya mayar cikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, a ƙone. Tunda iskar daga ƙarshe cikin silinda take ƙarewa, dole ta kasance wadda eyafulo ya riga ya ƙirga. Sabon bututun ba shi da hancin da za a soka wannan tiyo, sai mai ɗaurawar ya lanƙwasa shi ƙasa bayan batir, ya naɗe bakinsa da tsumman tsohuwar singileti ya ɗaure da waya. Da na kwance tsumman, ya yi jawur da ƙura kamar an tsoma shi a jar ƙasa, cikin tiyon ma idan aka sa yatsa sai a ji gari-gari. Na toshe bakin da babban yatsana na 'yan sakanni ina kallon allo, STFT ta faɗo nan take, sautin injin ya daidaita har direban ya ɗago kai. Toshewar gwaji ce kawai. Wanda ya bar wannan tiyo a toshe zai jawo wa sil-sil na injin, wato robobin da ke hana mai yoyo, matsala.

Kafa ta biyu sai da hayaƙi ta fito. Wasu a nan Magazine sukan fesa fetur a kewayen bututu suna sauraron ko sautin inji zai canja, hanya ce da take aiki, amma na taɓa ganin bonet ya kama da wuta ta dalilinta, ban ƙara yarda da ita ba. Na kashe injin, na rufe bakin bututun, na tura hayaƙi ciki da ƙaramin injin hayaƙi. Ya fito siriri daga ƙarƙashin robar da ta haɗa bututun da totur, inda leɓen robar ya naɗe ciki aka ɗaure kilif a kansa a karkace, wurin da ido ba ya kaiwa sai da madubi. Wani kuma ya fito a gindin eyafulo, domin an zaunar da shi ne a kan rami da aka fasa da hannu, da sukuru ɗaya da gam, zoben robarsa bai zauna ba.

Muka gyara zaman robar, muka fasa bututun muka dasa hanci muka mayar da tiyon mazauninsa, muka gyara zaman eyafulo, na goge abin da kwamfutar ta haddace. Sulo ya kwanta sosai, jimillar ta dawo 12. A gaskiya a wannan lokaci na kusa sallamar motar, domin rana ta yi, wasu motoci biyu suna jira, direban kuma sai godiya yake yi yana neman makulli. Abin da ya hana ni shi ne lambar juyi 2,500, wadda ta sauko daga 21 zuwa 19 kawai. Na ce mu hau titi. Muka bi hanyar Offinso har Kronum, kuma a hawan farko da na taka totur sosai motar ta shaƙe kamar yadda ya faɗa, jimillar ta haura 25.

Da muka dawo na zare eyafulo na haska cikinsa da tocila. Yawancin yara idan aka ce su wanke shi, ɗan digon da ake gani a gefe suke wankewa, alhali wannan ma'aunin zafin iska ne. Abin da ke auna nauyin iskar yana can cikin lungu. A can na ga ya yi baƙi-baƙi da danƙo, ƙura ta manne a kai. Matacin mazurarin na auduga ne da ake shafa wa wani mai na musamman don ya kama ƙura, kuma idan man ya yi yawa iska takan ɗebe shi ta yayyafa a kan wayar. Na tambayi direban ko ya taɓa matacin. Ya ce da ya ga hunturu ya mayar da shi ruwan ƙasa bayan kwana goma, sai ya wanke shi da omo, da ya ga jan launin ya tafi kuma sai ya shafa masa man giya, tunda shi ma ja ne. Tun daga ranar ne shaƙewar ta ƙaru. Waya mai rigar danƙo ba ta jin sanyin iska yadda ya kamata, musamman idan iskar ta yi yawa, sai ta ba da rahoton ƙasa da gaskiya a daidai lokacin da injin ya fi bukatar mai. Na wanke ta da feshin da aka yi don wannan aiki, ban taɓa ta da komai ba, na bar ta ta bushe da kanta. Fetur, feshin kafireto da tsinken auduga duk suna iya kashe ta.

Sakamakon ya ba yaron shagona mamaki: juyi 2,500 ya sauko zuwa 15, amma sulo ya hau daga 12 zuwa 15. Ya ɗauka mun ɓata wani abu. Ba haka ba ne. Dattin eyafulo yakan sa ya ɗan ƙara lissafi a sulo ya rage a sama, don haka dattin yana ɓoye wani ɓangare na wani kuskuren daban. Yanzu da kafofi suka toshe, waya ta yi tsabta, sai ga kuskure guda ɗaya a tsaye, kashi 15 a ƙasa, kashi 15 a sama, ba ya motsi. Kuskuren da ba ya canjawa da juyi ba kafa ba ne, ba datti ba ne, ma'auni ne.

Na auna cikin sabon bututun a daidai inda eyafulo yake, milimita 70. Irin wannan bututu na kowa da kowa ne, ba a yi shi don wata mota takamaimai ba, kuma ya fi wuyan akwatin asali faɗi da 'yan milimita. A ido bambancin ba komai ba ne, amma faɗin ƙofar da iska ke bi yana ƙaruwa ne da ninkin faɗin bututu a kansa: tsakanin bututu mai milimita 65 da mai 70, alal misali, ƙofar ta ƙaru da kashi 16 cikin 100. Iska ɗaya a ƙofa mai faɗi tafiyarta takan ragu, wayar ta ji iska mai laushi, kwamfutar kuma ta lissafa da tsohon faɗin da ta sani. Wannan shi ne huhun goron da aka sauya. Babu sukurun da za a ɗaure ko feshin da za a fesa ya gyara shi.

Sauran abubuwa biyu sun fito ne da muka rufe bonet muka kunna esi. Duk lokacin da fankar lagireto ta tashi, lambar eyafulo takan yi tsalle tsakanin giram 2 da 3 da wani abu, sulo ya yi tangaɗi. Matacin a buɗe yake, eyafulo kuma bai fi faɗin yatsu uku daga lanƙwasar bututun ba, don haka guguwar fankar tana isa kan wayar ba tare da ta miƙe ba. Na ɗaga bonet, na yanki kwalin taliya na tsaya da shi tsakanin fanka da matacin, lambar ta natsu; na janye, ta koma rawa. Sau uku na maimaita a gaban direban, domin wannan ya fi dogon bayani shiga kai. Sannan ma'aunin zafin iska, bayan minti goma sha biyar a tsaye, ya nuna digiri 62 alhali a waje 33 ne. Akwatin asali daga gaban mota yake jawo iska, wannan kuwa numfashin lagireto da na injin yake sha. Iska tana rasa wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinta a duk ƙarin digiri 3, ke nan kusan kashi 9 ya tafi, kwamfutar kuma idan ta ga iska da zafi haka takan ja lokacin tartsatsin fulogi baya don kare injin daga ƙwanƙwasa. Abin da aka saya don ƙarin ƙarfi, a cunkoson Kumasi rage ƙarfi yake yi. Game da shan mai kuwa, ina ganin rabin laifin na ƙafar direban ne, domin da kansa ya amsa cewa tun da aka sa bututun yake taka totur don ya ji ƙugin.

Shawarar da aka yanke

Alhaji ya zo da kansa bayan la'asar. Na shimfiɗa masa hanya biyu. Ana iya riƙe irin wannan bututu idan aka samo wanda aka ƙera don wannan injin musamman, mai mazaunin eyafulo daidai da faɗin asali, da hancin tiyo, da garkuwar da ke raba mataci da zafin inji, da mataci busasshe wanda ba a shafa wa mai. Irin wannan yana da tsada, sai an yi odarsa, kuma ɗan ƙarfin da yake ƙarawa yana can saman juyi ne, kusa da 6,000 inda injin yake ba da cikakken ƙarfinsa na doki 132, wurin da motar haya ba ta zuwa. Ko kuma a mayar da akwatin asali da matacin takarda, wanda a ganina ya fi dacewa da garin da ƙura ke tashi wata uku a shekara, titunan unguwanni da yawa kuma ba kwalta. Na ce, "Alhaji, ku ne da mota, amma da tawa ce akwatin zan mayar." Ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ina akwatin?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na bar shi a wurin mai ɗaurawar." Da aka kira wancan a waya, ya ce ya daɗe da sayar da shi.

Samun wani bai yi wuya ba, domin Corolla ta wannan ƙira ta cika gari, masu sayar da kayan motocin da aka farfasa a Magazine kuma ba sa rasa shi. Abin lura shi ne a karɓo shi cikakke: akwatin sama da na ƙasa, bututun da ke jawo iska daga gaba, tulun da ke kashe ƙara, da tiyon roba mai ninki da ke zuwa totur. Na farkon da aka kawo mana, da na lanƙwasa tiyon sai ga tsaga a cikin ninki na uku, wadda da mun ɗaura da mun sayi sabuwar kafa da kuɗinmu. Aka mayar aka kawo wani. Kafin ɗaurawa na buɗe totur, na tarar da jan gari ya haɗu da danƙo a gefen ƙofar, na wanke. Na kuma nace a juye baƙin mai a sauya filtarsa ko da lokacinsa bai yi ba, saboda mako uku injin yana shaƙar hunturu ta cikin tsumman singileti kai tsaye zuwa inda man yake.

Bayan an ɗaura, na sake goge abin da kwamfutar ta haddace, na bar injin ya yi zafi a sulo har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, ba esi, ba fitila, sannan da esi, sannan a kan D da birki. Eyafulo ɗin nan dai na asali, wanda saura kaɗan a ce shi ma a sauya shi, ya nuna giram 2.1 a sakan ya tsaya cak ko fanka ta tashi. Jimillar gyaran mai ta zauna a kan 2 a sulo, 3 a juyi 2,500. Muka sake bin hanyar Offinso, wannan karon har Kodie, hawan da ta shaƙe a kansa a karon farko ta haye shi ba gardama, zafin iskar da take sha kuma bai fi na waje da digiri 6 ba muddin tana tafiya.

Na ce a dawo da ita bayan mako guda, domin lambar da kwamfuta ta haddace ba ta gama zama a rana ɗaya. Ranar Asabar ta gaba direban ya zo shi kaɗai. LTFT tana kan 3, babu lambar laifi ko da mai jiran tabbaci, kuma na buɗe akwatin na ga takardar ta riga ta fara ja ta gefen waje, gefen ciki kuwa fari tas. Tsofaffin fulogi, koyil da famfon mai suna nan a but cikin ledarsu. Na gwada koyil ɗin a wata Corolla da ke shagon, ya yi aiki, na ce ya ajiye shi saboda wata rana. Bututun alminiyom ɗin ya so ya bar mini, na ce ya tafi da shi ya nuna wa wanda ya sayar masa ramin da aka fasa da hannu. Kafin ya tayar da mota ya tambaye ni ko akwai wata hanyar da za a dawo da ƙugin ba tare da an taɓa eyafulo ba. Na ce akwai, a salansa ake yin ta, amma wannan karon sai ya fara zuwa da izinin kawunsa.